Shekarar Jiran Jami'a: Wa Ke Riƙe Da Linzaminta?

Ranar da aka rubuta takardar ƙarshe ta jarrabawar NECO rana ce ta shagali. Yara kan fito daga ɗakin jarrabawa suna sowa, a yi ta ɗaukar hotuna, a yi musayar lambobin waya, kowa yana faɗin jami'ar da zai tafi. Makonni biyun farko a gida barci ne har hantsi, kuma ba mai cewa uffan, tunda yaro ya sha wahalar karatu. Zuwa wata na uku ya zama ɗan aiken gida: shi ne kai niƙa, shi ne sayo gawayi, shi ne raka ƙanne makaranta. Da la'asar ya wanke ƙafa ya nufi majalisa, inda ake dafa shayi ana musun ƙwallon Turai har dare ya raba. Haka kaka za ta wuce, hunturu ya shigo ya fita, kuma duk wanda ya tambayi mahaifinsa abin da yaron yake yi, amsar ba ta sauyawa: "Ai yana jiran admishan."

Masu wannan jiran runduna ce guda. A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma fiye da miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A shekarar ce aka samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana neman afuwa. Ko babu tangarɗa, kowace shekara dubban ɗaruruwan matasa ne ke rasa gurbi. Wani Turanci ko Lissafi ne ya kayar da shi, bai haɗa kiredit biyar ba. Wani ya ci, amma ya kafe sai likitanci ko lauya. Wani ya samu gurbin, kuɗin rajista ya gagari gidansu, musamman bayan ƙarin da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023. Wani kuma shekarunsa ne suka gaza: a 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da ita 16, amma har yanzu akwai masu gama sakandare ba su cika sha shidan ba.

Sai kuma jiran da ke afka wa waɗanda suka riga suka shiga. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Bayansu wasu jami'o'in soke zangon karatu guda suka yi, wasu suka haɗa 'yan shekara biyu a aji ɗaya, layin masu jira ya ƙara tsawo.

Abin mamaki, wannan shekarar da ake ɗauka a nan a matsayin ƙaddara, a wasu ƙasashen nemanta ake yi. Turawan Ingila har suna suka raɗa mata, mai ma'anar shekarar giɓi. Ɗalibi zai nemi jami'a, a ba shi gurbi, sannan ya roƙi a ajiye masa shi zuwa baɗi, ya tafi ya yi wani abu daban. Yarima William, wanda a yau shi ne magajin sarautar Ingila, da ya gama sakandare a 2000 ya yi makonni goma a kudancin ƙasar Chile tare da ƙungiyar Raleigh International, yana aikin katako yana koya wa yara Turanci, har aka nuno shi a talabijin yana wanke ban-ɗaki. Ya kuma yi aiki a gonar shanun madara kafin ya shiga jami'a a 2001. Malia, babbar 'yar Barack Obama, ta samu gurbi a Harvard a 2016, ta ɗage shi zuwa 2017. A Jamus tun 1964 akwai dokar da ta tsara shekarar aikin sa kai, inda matashi ke aiki a asibiti ko gidan kula da tsofaffi ana ba shi ɗan kuɗin kashewa.

Mai karatu zai ce wannan wasan 'ya'yan masu da shi ne, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Sai dai tushen al'adar ya fi kusa da ƙasar nan fiye da yadda ake zato. Alec Dickson, wani Bature da ya yi aiki a Afirka ta Yamma zamanin mulkin mallaka, shi ne ya kafa sansanin horar da matasa na Man O' War Bay a 1951, a gaɓar tekun kudancin Kamaru, lokacin da ake mulkin yankin tare da Najeriya. Daga wannan sansanin aka samu cibiyar horar da shugabanci mai reshe a tsaunukan Shere na Jos, da 'yan Man O' War ɗin nan masu sa 'yan hidimar ƙasa fareti da asuba. Da Dickson ya koma gida, shi da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar 'yan sa kai ta VSO a 1958, kuma waɗanda suka fara turawa ƙasashen waje samari ne da suka gama sakandare suna jiran shiga jami'a. Su ma da zaman jira suka fara. Abin da Dickson ya ƙara wa zaman shi ne aiki, da wa'adi, da babban da zai sa ido.

Waɗannan ukun su ne abin da yaron Kano ko Gusau ko Damaturu ya rasa, kuma babu wanda ke buƙatar tikitin jirgi a cikinsu. Shekararsa ba ta da ranar farawa, ba ta da ranar ƙarewa, ba ta da mai tambayarsa me ya yi yau, domin kowa a gidan gani yake gobe sunan zai fito. Ana ƙin ɗora masa wani aiki don kada ya fara ya katse, sai a wayi gari wata goma sha biyu sun tafi a jiran gawon shanu.

Alhali Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake cin moriyar lokacin da babu aiki. Ɗan cin rani yakan bar ƙauye da an gama girbi an kai amfani rumbu, ya shiga birni ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce, kuma ya san dole ya koma kafin ruwan shuka ya sauka. Almajirin da ke tafiya gabas, ƙasar Barno, ya san malamin da zai zauna a gabansa da izun da yake son kaiwa. A da, yaron da ke bin ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro yana ƙarƙashin madugu ne. Ba wanda ke fita haka siddan. Abin da ake nema a yau shi ne iyaye su ɗauki shekarar jira kamar rani: su yarda tun a watan Satumba cewa bana ta kuɓuce, su zauna da yaron su yanke abin da za a yi da ita.

Aiki na farko kuwa shi ne a gano inda gizo ke saƙar. In kiredit ne bai cika ba, akwai jarrabawar masu zaman kansu da WAEC da NECO ke yi a ƙarshen shekara, kuma ya fi a mayar da hankali kan darasi ɗaya ko biyun da suka kayar da shi a nemo masa malami na gaske, da a kai kuɗi cibiyoyin nan da ake kira na mu'ujiza, inda ake sayen sakamakon da zai tona wa yaro asiri a aji ɗaya na jami'a. In makin JAMB ne, a tuna cewa tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin jarrabawar, kuma har gobe akwai yaran da ranar jarrabawa ce karo na farko da suka ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Wata guda a shagon buga takardu yana maganin wannan. Akwai kuma shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, wanda ake yi a makarantun share fage irin su CAS ta Kano, kuma wanda ya ci yakan iya shiga aji biyu kai tsaye, ya fanshe shekarar da ya rasa. Wani lokaci kuma gyaran ba ya wuce a faɗa wa yaro gaskiya, cewa makinsa ba na likitanci ba ne, kuma ilimin haɗa magunguna da na gwaje-gwajen asibiti da aikin gona da koyarwa duk karatu ne. Duk wannan ba ya cin fiye da awa biyu ko uku a rana. Sauran yinin shi ne abin magana.

A ganin mai wannan shafi, babu abin da ya kai koyon sana'ar hannu cika wannan yini. Wanda ya shiga Kasuwar Panteka ta Kaduna zai ga maƙera da masu walda da kafintoci suna ƙera tukwane da ƙofofi da injinan niƙa, kuma aikin ya kai matsayin da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suka shiga ciki don a riƙa ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. A Kano akwai Farm Centre da titin Beirut, inda matashi ke koyon sauya gilashin waya da gyaran wurin caji cikin 'yan watanni. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareta ya zama kayan gabas, gidaje da shaguna da masallatai suka koma sola, kuma masu iya haɗa faifai da batir da inbata yadda ya kamata ba su wadata ba. Yaron da ya yi Fiziks a sakandare, ya san bambancin bolt da amfiya, ya fi kowa dacewa da wannan aiki. Haka wayarin, da aikin famfo, da shimfiɗa tayil, da silin na zamani, da gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki.

Shekara ɗaya ba ta mayar da mutum gwani. Makaniki na ƙwarai yakan yi shekara huɗu ko biyar a gareji kafin a yaye shi. Amma shekara ta isa hannu ya faɗa, mutum ya san sunayen kayan aiki da farashinsu, ya iya ƙananan ayyukan da za su ba shi kuɗin takardun karatu da na abinci idan ya shiga makaranta. Ɗakunan kwanan ɗalibai cike suke da wayoyin da suka lalace da kawunan da ke son aski da wandunan da ke son a rage musu tsawo. Yajin aikin 2022 ya nuna wannan ƙarara: da aka koma, bambanci ya fito tsakanin wanda ya dawo da keken ɗinki da wanda ya dawo da labarin fina-finan da ya kalla.

Sai dai kai yaro wurin sana'a ba a yin sa da ka. Abin da aka saba shi ne uba ya riƙo hannun ɗansa ya kai wa abokinsa mai shago, ya ce, "Alhaji, ga ɗanka nan na kawo maka amana," a yi addu'a a tashi. Ba a faɗi wa'adi ba, ba a faɗi abin da za a koya masa ba, ba a faɗi ko akwai kuɗin abinci ba. Sakamakon shi ne yaro ya shekara yana shara da sayo wa oga abinci, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. 'Yan kabilar Ibo sun yi fice a wannan fanni ne saboda tun ranar farko ake yanke shekarun da yaro zai yi, da sallamar da ubangida zai yi masa ta jari, a gaban dangi. Ba laifi ba ne uba ya ce wa mai garejin, "Malam, wata goma zai yi a wurinka. Ina so kafin azumi ya iya kaza da kaza, kuma daga watan Maris da azahar zai riƙa tashi saboda karatu." Kunya ce ke hana faɗin haka, kuma kunyar ce ke cinye shekarar.

Akwai kuma tarkon da ya kamata a kira da sunansa, wato rikita koyon sana'a da neman kuɗi. Tuƙa A Daidaita Sahu, ko acaɓa, ko zama a rumfar POS halal ne, kuma ga gidan da babu abin sawa a baki ba mai cewa kada a yi. Amma abin da mutum ya sani a ranar farko shi ya sani a rana ta ɗari uku. Kuɗin na shigowa kullum, yana da zaƙi, kuma zaƙin nan ne ke sa lokacin sayen fom ya zo ya wuce yaro yana cewa sai baɗi. Sana'ar da ake koya kan fara da yunwa ta ƙare da abin hannu, don haka mai zaɓi gara ya jure yunwar.

Ɗan karkara ma yana da tasa dama, kuma kalandar kanta ta taimake shi. Yakan gama jarrabawa ana tsakiyar damina, ya tarar da noma na biyu, ya yi girbi da kaka. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma lokacin noman rani ne a Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bi, da kwarin Haɗejiya, da Bakolori in tsaro ya bari. Abin da ɗan boko zai kai gona wanda mahaifinsa ba lalle yana yi ba shi ne littafi da biro: nawa aka kashe a iri, nawa a taki, nawa a man injin ban-ruwa, nawa aka sayar da kwandon tumatir a Kwanar Gafan a makon farko, nawa a makon da kasuwa ta cika ya faɗi warwas. Wanda ya riƙe wannan lissafin na rani ɗaya ya yi darasin tattalin arzikin da ba a samu a aji. A ba shi fegi nasa na kansa, komai ƙanƙantarsa, ribar da asarar su zama nasa.

'Ya mace kuwa ba a majalisa take jiranta ba, a madafi take yi. Da zarar ta gama sakandare aikin gida kan dawo kanta kacokan, uwa ta samu hutu, kuma tunda aikin ba ya ƙarewa ba mai lura cewa littattafanta sun yi ƙura. Kafin shekara ta zagayo gwaggo da inna sun fara tambaya, "Zaman me take yi?" Aure alheri ne, kuma da yawa sun yi shi sun ci gaba da karatu a ɗakunansu. Abin da bai dace ba shi ne makin JAMB ya zama shi ne waliyyi, a ce tunda ba ta samu ba bana sai a ɗaura. In za a yi auren a yi shi don lokacinsa ya yi, a kuma sa maganar karatun a cikin sharuɗɗa tun kafin a karɓi sadaki.

Sana'o'in da ke gabanta kuwa sun fi na zamanin iyayenta yawa: ɗinki, zanen lalle, kwalliyar amare, girkin biki, kek da cincin, haɗa turaren wuta da humra irin na matan Maiduguri. Kasuwar ma ta shigo har ɗaka, domin a WhatsApp da Instagram ake tallar, ɗan aike ya kai kaya. Amma ita ma a kai ta wurin gwana, a biya kuɗin koyo in da hali, a ware mata awannin da ba mai aikenta. Yarinyar da ke koyon ɗinki tsakanin wanke-wanke da ɗora tukunyar dare ba za ta wuce gyaran zip ba.

Wayar da ke hannun matasan nan ita ce babbar kasuwar da ake cinye musu lokaci. A 2024 an ga abin al'ajabi a garuruwan arewa: samari da 'yan mata, har da magidanta, kowa ya duƙufa yana dannan fuskar waya dare da rana da sunan mainin, ana jiran manhajar Hamster Kombat ta fashe. Da aka raba ladan a watan Satumba, mafi yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. A Afrilun 2025 kuma dandalin zuba jari na CBEX ya rufe da kuɗin mutane. A wannan wayar dai ake rajistar shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 don koya wa matasa miliyan uku fasahar zamani kyauta. Gaskiya ne cewa koyon rubuta manhaja na son kwamfuta da wuta da data, abubuwan da ba kowane gida ke da su ba, kuma ba kowa ne zai zama injiniyan manhaja ba. Amma iya buga rubutu da sauri, da sarrafa Word da Excel, da tsara katin biki, abubuwa ne da ake koya cikin wata uku, kuma ɗalibin jami'a zai buƙace su tun daga aikin gida na farko har zuwa kundin kammala digiri.

Ita majalisa ba abokiyar gaba ba ce, a nan ake samun labarin aiki da na ɗaurin aure da na jana'iza. Amma a gefenta ne ake miƙa wa yaro kwalbar farko. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. A 2018 ɗin ne kuma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya nuna yadda ya yi katutu a Kano da wasu garuruwa. Yaron da ke dawowa gida da magariba a gajiye, hannunsa duk baƙin mai, ba shi da sauran ƙarfin zaman bayan layi.

Mai sha'awar karatun addini kuma ya samu abin da ba zai sake samu ba sai ya yi ritaya. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne. Wanda ya lazimci haddar shafi ɗaya a rana a gaban malami, ko da ya ware ranakun tilawa, zai iya fita shekarar da sulusi ko fiye. Musabaƙar ƙasa da aka faro a Sakkwato a 1986 ta fito da mahaddata da yawa waɗanda daga baya suka zama likitoci da injiniyoyi, don haka ba wanda zai ce hadda na hana boko.

Aikin sa kai shi ne wanda aka fi rainawa, saboda ba ya kawo ko sisi. Ƙasar da asusun UNICEF ke cewa tana da yara fiye da miliyan goma da ba sa zuwa makaranta, akasarinsu a arewa, tana kuma da dubban ɗaruruwan masu takardar sakandare zaune a ƙofar gida. A firamaren unguwa akwai ajin da malami ɗaya ke fama da yara ɗari. Wanda ya je ya ce wa hedimasta zai riƙa koyar da Lissafi a aji huɗu, da wuya a kore shi, kuma mai koyar da kasafi da ninkawa kullum nasa Lissafin yake gyarawa. Akwai ƙungiyar Red Cross, da 'yan agajin ƙungiyoyin Musulunci, da ƙungiyoyin matasan coci. Mai mafarkin likitanci musamman ya kamata ya nemi izinin taimakawa a asibitin sha-ka-tafi na garinsu, ko da rubuta kati ne, ya ga jini ya ji wari ya ga layin mata masu ciki tun asuba. Wasu za su fito da ƙarin azama, wasu su gane tun da wuri cewa farar rigar kawai suke so.

Tafiya ma tana da wurinta, kuma ba sai Chile ba. Kusan kowane gida yana da kawu a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko zangon Kumasi, ko Maraɗi. Wata uku a shagon kawu a Legas zai buɗe bakin yaro da Turancin da shekara shida ta sakandare ba ta buɗe ba.

Duk da haka, kada daɗin wannan lissafi ya sa a manta cewa shekara tana da tsada. Wanda ya haura 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma bankuna da manyan kamfanoni kan sa iyakar shekaru a tallar ɗaukar sababbin ma'aikata. Shekara ɗaya da aka tsara riba ce. Ta biyu da ta uku a kan kwas ɗaya tilo taurin kai ne, musamman ga kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da na kiwon lafiya nan da gurabe, ga kuma asusun NELFUND da ya fara ba ɗalibai rancen karatu a 2024.

Hukuma ma da nata kason. Sakamakon JAMB shekara ɗaya kawai yake aiki. An sha kai ƙuduri majalisar tarayya don a tsawaita shi, amma har yanzu yaron da ya ci 250 bana, in bai samu gurbi ba, sai ya sake biya ya sake zama baɗi. Wannan ne ke sa shekarar ta zama ta fargaba maimakon ta tsari. Da jami'o'i za su sauƙaƙa ajiye gurbi na shekara guda ba tare da sai an biya cikakken kuɗin rajista ba, da ɗan talaka ya samu damar tara kuɗin da guminsa. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, ta daɗe tana da shirin haɗa matasa da masu sana'a, jihohi da dama kuma sun gina cibiyoyin koyon sana'a, amma ba safai ake daidaita ɗibarsu da lokacin da yara ke gama sakandare ba. Da ma'aikatun ilimi na jihohi za su sa fom ɗin koyon sana'a a hannun kowane ɗalibi a ranar da ya karɓi takardar shaidar kammalawa, da an rage rabin matsalar ba tare da an gina ko ɗaki ɗaya ba.

Kafin a yi hakan, linzamin yana hannun gida. JAMB takan fara sayar da fom wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, a yi jarrabawa wajen Afrilu, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN. Sunan da ke jikin NIN ɗin dole ya dace da na takardar WAEC ko NECO harafi da harafi, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya jawo wa yaro watanni na zirga-zirga. Gyaran suna yana ɗaukar lokaci, don haka a watan Oktoba ya kamata a duba shi, a makon da aka kai yaron wurin ubangidansa.